Katin gwanayen rap na wani shago a kasuwar Garwa

Masu tura waƙoƙi a waya sun cika Garwa, a arewacin Kamaru. Duk layin masu gyaran waya da ka bi a babbar kasuwa za ka tarar da yaro zaune gaban kwamfuta, igiyoyin caja sun sarƙe a gabansa, ka miƙa masa katin memori ya ɗura maka duk abin da hannunsa ya kai: waƙoƙin Indiya, makosa, wa'azi, na finafinan Kano, duk wuri ɗaya ba tsari. Galibinsu ko rabin abin da suke sayarwa ba su taɓa saurara ba. Shagon da zan yi magana a kansa ya fita zakka a cikinsu, don mai shi yana da kunne, kuma ya haɗa wani kati na musamman da ya tara waɗanda yake ganin su ne manyan gwanayen rap tun farkon abin zuwa yau. Na saya, na saurare shi a gida da kan hanyar makaranta, kuma ina ganin ya cancanci a faɗi alherinsa a faɗi gazawarsa.

Ni malamin Ingilishi ne a lise, wato babbar sakandare, na kuma tashi a zamanin kaset, lokacin da 'yan kasuwa ke shigo mana da su daga Yola da Mubi, a kwafa a sake kwafa har muryar mawaƙi ta dusashe. Saboda haka wannan kiɗa ba baƙona ba ne. Abin da ya kai ni shagon shi ne gardamar ɗalibaina, waɗanda kullum a bakin ƙofar aji suke musu kan wa ya fi wa, kuma sunan wannan shago ne ke fitowa a bakinsu idan hujja ta ƙare.

Wurin ƙarami ne. Benci ɗaya na mutum uku, fanka a bango, sifika biyu da ya ɗora a kan kanta, sai wani littafin makaranta mai bangon shuɗi da ya cika da sunayen mawaƙa da shekarun faya-fayansu da rubutun hannunsa. Saurayi ne da bai wuce shekara talatin ba, ya yi karatu a jami'ar Ngaundare, aiki bai samu ba ya dawo gida ya kama wannan sana'a. Katin mai giga 16 ne. Idan da katinsa za ka saya sefa 5000, idan ka zo da naka sefa 1500. Abu na farko da ya burge ni shi ne bai jera mawaƙan bisa haruffan sunayensu ba, bisa shekaru ya jera su, ya sa wa kowane rukuni lamba, yadda idan ka bar wayarka tana tafiya da kanta za ka ji abin yana girma daga hannu zuwa hannu. Rukuni na farko ma ba waƙa ba ce kaɗai, akwai 'yar gajeriyar murya tasa da Faransanci yana bayanin bikin da DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya shirya a unguwar Bronx ta birnin New York ranar 11 ga Agusta 1973, wanda ake ɗauka a matsayin ranar haihuwar hip hop.

Da na ciro kuɗi sai ya ce, "Malam, zauna tukuna, kada ka biya sai ka ji." Ya ɗauki biro ya fara buga gefen tebur, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya sa wata tsohuwar waƙar Run-DMC. "Ka ji inda amsa-amo yake sauka? A ƙarshen layi, kullum a ƙarshe, kuma da ihu." Sai ya tsayar, ya sa Rakim, bai daina buga biron ba. A nan na ga wani mai moto da ya shigo karɓar wayarsa, wanda ba ya jin Ingilishi ko kalma ɗaya, ya tsaya da hular kwano a hannu yana gyaɗa kai. Muryar ba ta tashi ba, ba gaggawa, amma amsa-amon yana faɗowa a tsakiyar layi, ya tsallake bugu na huɗu ya je ya huta a layi na gaba. Mai moton ya ce da Fillanci wannan mutum ba ya numfashi ne? Mai shagon ya ce yana yi, ɓoye shi yake.

Wannan ɗan darasi na minti biyu shi ne ainihin abin da ake saye a shagon, kuma shi ne ya sa na yarda da katin. Mu nan yawancinmu Hausa da Fillanci da Faransanci muke ji, Ingilishin unguwannin baƙaƙen fatar Amurka kuwa ko ni da nake koyar da harshen sai na nutsu. Gwanin gaske dole ya kama ka tun kafin ka fahimci abin da yake faɗa, da murya da numfashi da inda yake ajiye kalma a kan kiɗa, sannan ranar da aka fassara maka, kada maganar ta ba ka kunya. Da wannan ma'auni biyu nake auna kowa a katin nan.

Rakim ya ci na farkon ba gardama. Faifan da ya fitar da Eric B. a 1987 shi ne iyakar da ta raba tsohon salo da sabo. Ya koyi busa saksofon yana yaro, ya kuma sha faɗin cewa yadda makaɗin jaz John Coltrane ke busa ne ya so ya mayar da shi magana. Malaman adabin Hausa suna koya mana amsa-amon waje da amsa-amon ciki, to Rakim ne ya mayar da na cikin abin yau da kullum a rap, kuma duk wanda ya zo bayansa a katin nan da hannunsa a jikinsa. Gyara ɗaya na yi wa mai shagon: yana gaya wa masu saye cewa Rakim Musulmi ne irinmu saboda sunan Allah da ke yawan fitowa a bakinsa. Ƙungiyar da ya bi, wadda ake kira Five Percent, ta samo asali a Harlem cikin shekarun 1960, kuma aƙidarta ta sha bamban ƙwarai da abin da muka karanta a makarantar allo. Gara a gaya wa yara gaskiyar wannan.

Inda na fi daɗewa shi ne rukunin Nas, kuma ba zan ɓoye ba, a wurina shi ne na ɗaya. Mai shagon ya kyauta da ya sa faifansa na farko, Illmatic, gaba ɗayansa, waƙa goma a jere yadda aka fitar da shi a watan Afrilun 1994, bai tsinci biyu ya watsar da sauran ba. Faifan bai kai minti arba'in ba, kuma yaron da ya yi shi shekararsa 20, ya bar makaranta tun bai gama ƙaramar sakandare ba, yana zaune a Queensbridge, rukunin gidajen gwamnati na talakawa mafi girma a Amurka. Mahaifinsa Olu Dara makaɗin jaz ne, har ya yi busa a ƙarshen ɗaya daga waƙoƙin. Abin da Nas ya fi kowa shi ne ido. Ba ya ce maka unguwarsu akwai wahala, sai ya nuna maka lif ɗin da ya lalace, da warin matakala, da yaron da ke tsaye a kwana yana lura da motar 'yan sanda. Akwai waƙar da ya yi ta a matsayin wasiƙa zuwa ga abokinsa da ke kurkuku, yana ba shi labarin gida: wane ya haihu, wane an harbe shi, mahaifiyarka tana kuka. Duk wanda ya taɓa rubuta wa ɗan'uwansa da ke nesa takarda, yana auna abin da zai faɗa da abin da zai rage don kada ya karya masa zuciya, zai gane wannan waƙa.

Daga baya ya yi wata da bindiga ce ke ba da labarin kanta, tana ƙorafin hannayen da ta bi, ya kuma yi wata da ya fara labari daga ƙarshe ya koma da shi baya zuwa farko. Duka biyun suna cikin katin, kuma na yi amfani da ta biyun a aji, bayan na tace ta, don koya wa 'yan ajin ƙarshe yadda ake gina labari. Abin da ke ba ni haushi shi ne sai a 2021 Nas ya karɓi Grammy ɗinsa na farko, babbar kyautar waƙa ta Amurka, shekara 27 bayan Illmatic. Wanda ke auna mawaƙi da yawan kyaututtuka ya tsaya ya yi tunani a kan wannan.

Rukuni mafi girma a katin na Tupac ne, kuma na san dalili. A Garwa ba a taɓa Tupac. Hotonsa na bangon shagunan aski daga Yelwa har Rumde Ajiya, sunansa na jikin tankunan moto, kuma yaran da aka haifa shekara goma bayan mutuwarsa suna rantsuwa da shi. Mai shagon ya ce min, "Malam, idan na rage shi ba wanda zai sayi katin." Na fahimce shi, amma ya cika shi har da tarkacen da aka harhaɗa bayan rasuwarsa, waɗanda wasu ma kiɗan da aka ɗora musu bai taɓa ji ba. Wannan cin wuri ne.

Idan ana maganar sarrafa harshe zalla, Tupac bai kai Rakim ba, bai kai Nas ba. Amsa-amonsa sau da yawa mai sauƙi ne, yana ma maimaita wasu kalmomin daga waƙa zuwa waƙa. Ƙarfinsa a ƙirji yake. Yana jan wasali ya riƙe shi har sai ka ji zafin a jikinka, kuma ba a banza ba, ya yi karatun wasan kwaikwayo a makarantar fasaha ta Baltimore. Mahaifiyarsa Afeni Shakur 'yar ƙungiyar Black Panther ce, ta masu fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, tana ɗauke da cikinsa tana tsare, aka wanke ta wata guda kafin ta haife shi a 1971. Waƙar da ya yi mata a 1995, Dear Mama, bai ɓoye cewa ƙwaya ta taɓa kama ta ba, bai kuma rage mata daraja ko ƙwayar zarra ba. A al'adarmu ba a fallasa uwa, amma duk da haka ban taɓa fassara wa wani wannan waƙa ya ce an ci mutuncinta ba, sai dai ya yi shiru. Tun a 1991 ya yi waƙa a kan yarinya 'yar shekara 12 da ta haihu ba mai taimakonta. Wannan Tupac ɗin nake so yaranmu su riƙe. Sai dai mutumin nan ɗaya ne da wanda kotu ta ɗaure a 1995 kan laifin cin zarafin mace, faifansa ya hau matsayi na ɗaya a Amurka yana cikin kurkuku. Masu manna hotonsa su san wannan ma.

Kusa da shi Notorious B.I.G. ne, wanda ake kira Biggie, kuma a nan mai shagon ya nuna ya san aikinsa, don ya zaɓi waƙoƙin labari ya rage na rawa. Biggie ƙato ne mai nauyin murya, amma yadda yake bi ta cikin kiɗa sai ka ce gogaggen mai moto da ke ratsa cunkoson kasuwa ranar jajiberin sallah, ya kauce wa rami ya kauce wa amalanke, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Akwai waƙar da ya yi muryar 'yan fashi biyu shi kaɗai, ɗaya mai kauri ɗaya siririya, suna musayar magana, har mutane da yawa suka ɗauka mutum biyu ne. Faifai biyu kacal ya kammala: na 1994, da wanda ya fito kwana 16 bayan kashe shi.

Ba na iya wuce waɗannan rukunai biyu ban ji nauyi a zuciya ba. Abokai ne da farko. Zambo da habaici ba baƙinmu ba ne, mawaƙan fada da na dambe sun yi wa juna tun kakanni, amma a can abin ya bar bakin makirufo ya koma titi. An harbi Tupac a Las Vegas ranar 7 ga Satumba 1996, ya cika ranar 13, yana da shekara 25. An harbe Biggie a Los Angeles ranar 9 ga Maris 1997, yana da 24. Sai a 2023 aka kama wani aka tuhume shi da hannu a kisan Tupac, na Biggie kuwa har yau ba a hukunta kowa ba. Ɗalibaina da ke raba kansu gida biyu a kan waɗannan mutane, wasunsu sun kusa shekarun da aka kashe su. Na so a ce mai shagon ya sa 'yar murya a nan kamar yadda ya yi a farko, ya kuma haɗa da labarin Jay-Z da Nas, waɗanda suka yi wa juna zambo mai zafi a 2001, suka hau dandamali ɗaya suka shirya a 2005, kuma dukansu suna raye suna cin arzikinsu.

Shi Jay-Z mai shagon shi ya ba kambi, a nan muka rabu. Hujjarsa tana da ƙarfi. Mutum ne daga gidajen Marcy a Brooklyn da kamfanonin waƙa suka ƙi ɗauka, ya kafa nasa da abokansa ya fitar da faifan farko a 1996, ya zama mawaƙin rap na farko da aka shigar zauren karrama marubuta waƙoƙi na Amurka a 2017, mujallar Forbes ta ce dukiyarsa ta kai dala biliyan ɗaya a 2019. Da mujallun Billboard da Vibe suka jera gwanaye 50 a 2023, shi suka sa a sama, Kendrick Lamar na biyu, Nas na uku, Tupac na huɗu, Eminem na biyar. Kuma ba ya rubuta waƙa a takarda, a ka yake haɗa ta ya shiga ya rera, abin da ya sa Amurkawa ke mamaki, mu kuwa da muka san Mamman Shata mun san ana yi. Ina girmama yadda yake magana a kan kiɗa kamar yana hira da kai, da yadda layi ɗaya ke ɗaukar ma'ana biyu. Amma idan na fassara wa kaina, sau da yawa abin da ke ƙasa lissafin riba ne. Faifansa na 2017, inda ya yi maganar aurensa da kura-kuransa a fili, shi ne ya fi shiga raina, kuma waƙa ɗaya tak aka ɗauko daga cikinsa.

Eminem ba sai na daɗe ba. Yara suna sonsa saboda gudu, kuma gaskiya ne ba wanda ya kai shi lanƙwasa kalmomin da ba su dace ba har su yi amsa-amo. Faifansa na 2000 ya sayar da kwafi sama da miliyan 1.7 a makon farko a Amurka, waƙarsa ce kuma ta rap ta farko da ta ci Oscar, a 2003. Amma abubuwan da ya faɗa a kan mahaifiyarsa da matarsa ba na iya zama da su. Lil Wayne waƙa huɗu aka ba shi, André 3000 na OutKast uku, wanda ya yi kaɗan ga mutumin da aka yi wa ihu a New York a 1995 don ya fito daga Atlanta, ya tsaya ya ce Kudu ma tana da abin faɗa, kuma tarihi ya gaskata shi. Drake babu shi sam. Na tambaya, ya ce, "Wannan a kowane shago za ka same shi, Malam."

Mace ɗaya ce a rukunin Amurka, Lauryn Hill. Ta cancanta: a 1999, tana da shekara 23, ta kwashi Grammy biyar a dare ɗaya, faifanta ya zama na hip hop na farko da aka ba kyautar faifan shekara. Tana rap tana rerawa, kuma ba ka jin inda ta sauya daga wannan zuwa wancan. Amma ina MC Lyte, ina Queen Latifah, ina Missy Elliott, ina Nicki Minaj? 'Yan matan ajina suna sauraron rap kamar mazan, kuma katin da ke cewa ya tara gwanaye bai kamata ya nuna musu cewa mace ɗaya ce ta taɓa iyawa ba.

Kendrick Lamar ne ya rufe ɓangaren Amurka, kuma shi ne kaɗai cikin na bayan nan da nake ajiye shi kusa da Nas ba tare da na yi jinkiri ba. Faifansa na 2012 labarin yini guda ne na wani yaro a Compton da ya ari motar mahaifiyarsa ya bi abokai, tsakanin waƙoƙi kana jin saƙon murya na uwar tana kira tana cewa ya dawo mata da motarta. Mai shagon ya bar waɗannan saƙonni, bai yanke su ba kamar yadda wasu ke yi don rage nauyi, kuma don wannan kaɗai na yafe masa abubuwa da yawa. Kendrick yana sauya murya kamar mutum biyar ne a jiki ɗaya: yaro, mashayi, mai wa'azi, mai tsoro. Faifan 2015 ya zo bayan ziyararsa Afirka ta Kudu, ya kuma rufe shi da hira da Tupac, inda ya ɗauko wata tsohuwar hirar 1994 ya saka tambayoyinsa a tsakani. A 2018 aka ba shi kyautar Pulitzer ta kiɗa, karon farko da ta je hannun wanda ba makaɗin jaz ko na kiɗan gargajiyar Turai ba.

Rukunin Faransanci shi ne inda yawancin masu saye za su fi jin daɗi, don a nan ba a bukatar tafinta. MC Solaar ne a gaba, kuma daidai ne. An haife shi a Dakar a 1969, iyayensa 'yan Chadi ne, ya tashi a unguwannin bayan Paris. Maƙwabtanmu na Njamena da Mundu suna da haƙƙin yin alfahari da shi. Wasa da kalmomi ne aikinsa, cikin sanyin murya, ba zagi, har malaman Faransanci na iya kai shi aji ba tare da sun tace komai ba. Faya-fayansa na farko, na 1991 da na 1994, sun yi kusan shekara ashirin ba sa kasuwa saboda rigima da kamfaninsa, sai a 2021 aka sake fitar da su. Akwai IAM na Marseille da faifansu na 1997, akwai Oxmo Puccino wanda aka haifa a Segu ta Mali, akwai Youssoupha ɗan marigayi Tabu Ley Rochereau na Kongo, da Kery James, da Booba wanda samari ke so ni kuma nake ɗauka kaɗan-kaɗan. Diam's tana nan, ita ce mace ta biyu kuma ta ƙarshe a katin baki ɗaya.

Na gida Kamaru an ba su wuri: Krotal cikin tsofaffin hannu, Valsero da wasiƙunsa ga shugaban ƙasa, wanda aka tsare a farkon 2019 aka sake shi a watan Oktoba, Stanley Enow ɗan Bamenda da ya ci kyautar sabon tauraro ta MTV Afirka a 2014, sai Jovi, wanda a ganina shi ne ya fi kowa a ƙasar nan, don yana cakuɗa Faransanci da Ingilishi da Pidgin a layi ɗaya yadda ake magana a titin Duwala da Yawunde, kuma da kansa yake haɗa kiɗansa. A nan wani abu ya tsaya min a rai. Jay-Z ba zai ji asarar sefa 1500 ɗina ba, amma waɗannan 'yan ƙasarmu ne, kuma ko sisi ba ya isa gare su daga irin wannan ciniki. Na san kuɗin data yana da tsada, na san intanet ɗinmu yana yankewa, shi ya sa sana'ar take raye. Duk da haka wanda ya ji daɗin mawaƙin gida a kati, ranar da ya zo wasa a garinsa ya sayi tikiti ya shiga.

Babbar gazawar katin ita ce babu Hausa a ciki ko waƙa ɗaya. Mai shagon Bahaushe ne, da Hausa muke magana, rabin masu zama a bencinsa Hausawa ne. Na ce masa, "Ƙanena, ina namu?" Ya ce ba su kai a jera su da waɗannan ba. Ban yarda ba. Ba na cewa an yi Illmatic da Hausa, amma ClassiQ da B.O.C Madaki daga Bauchi, Morell daga Maiduguri, DJ AB daga Kaduna, da Kaidan Gaskiya na Nijar tun kafinsu, sun nuna cewa harshen nan yana hawa kiɗan rap ba tare da ya karye ba. Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana da karin sauti mai hawa da sauka, kuma wanda ya iya ajiye waɗannan a kan bugu huɗu yana yin aikin da Ba'amurke bai taɓa fuskanta ba. Yaron da ya ji darasin biro a kan Rakim, kamata ya yi a sa masa irinsa da harshen da yake mafarki da shi, a nan ne zai gane cewa shi ma zai iya. Shagunan da ba su kai wannan ba suna da waƙoƙin, a warwatse. Wanda yake da kunnen da zai zaɓa ya tsara su shi ne ya bar su.

Sauran ƙorafina na aiki ne. Ingancin sauti ba ɗaya ba ne: rukunin Nas da na Kendrick garau suke, amma wasu na Tupac da na Faransanci daga bidiyo aka ciro su, sai ka ji ƙarar mota ko surutu na minti guda kafin waƙa ta fara, wata kuma ta fi wata ƙara har sai ka riƙa taɓa waya. Kusan waƙa ashirin ba su da suna, lamba ce kawai. Abin da ya fi damuna a matsayin uba shi ne ba a ware masu batsa da zagi daga masu tsabta ba, alhali akwai nau'in da aka tace na yawancinsu. Idan za ka sa a mota da iyali, ko a shago inda dattawa ke wucewa, rashin jin Ingilishinsu ba hujja ba ce, don yaran suna ji. Ka ce masa ya haɗa maka tatacce, yana yi, amma sai ka tambaya, kuma sai ka dawo washegari.

Wanda zai je ya tafi da katinsa da ya saya a wurin da ya amince da shi, don na shagon ba shi da sauri, yana ɗan tsayawa a tsofaffin wayoyi. Kada ya karɓa sai an buɗe masa a wayarsa ya ga lambobin rukunan sun fito a jere. Da safe ya fi, kafin rana ta take kuma kafin a ɗauke wuta, don ba shi da janareto, kuma a lokacin ne yake da sukunin zama ya buga maka biro. Da yamma 'yan makaranta sun cika bencin. Ranar Juma'a yana rufewa da sha biyu, ba ya dawowa sai bayan la'asar.